Ruwan da Muka Tara wa Baba

Ranar da aka binne Baba, masu makoki sun kasu biyu a ƙofar gidanmu, kamar yadda suka saba kasuwa a kowane suna da kowane biki namu. Danginsa musulmi suka shimfiɗa tabarmi a gindin gawo suna jan carbi. 'Yan'uwa na ikkilisiya suka fito da bencuna daga majami'a suka jera a inuwar katanga. Tsakaninsu akwai 'yar hanyar da awaki suke bi, mu kuma 'ya'yan gida muna ta kai da kawo a kanta da ƙoren fura. Kowane ɓangare ya yi kuka na gaske, ba zan ci amanar kowa ba. Wata tsohuwa ta zumuntar mata ta riƙe ni tana cewa, "Ɗiyata, ubanmu ya tahi, wa za ya buga muna ƙarhe?" Wani Bafulatani da ya yi tattaki tun daga wajen Kona ya ƙi hawa tabarma, ya zauna a ƙasa, ya ce hatsin Baba ne ya tsayar da 'ya'yansa da rai a farin farko, shekarun yunwa.

Fasto ya zo daga Maraɗi. A cikin wa'azinsa ya kira Baba ginshiƙin ikkilisiya, ya maimaita har sau uku, mutane suna gyaɗa kai suna share hawaye. Ni kuwa ina zaune cikin mata, zuciya ta zo mini wuya. An ajiye makarar Baba can gaba a cikin majami'a, daf da teburin jibin Ubangiji, wato teburin da masu bi suke karɓar gutsuren gurasa da kurɓin jan abin sha don tunawa da mutuwar Almasihu. A wurinmu ba mai cin jibi sai wanda aka yi wa baftisma. Baba kuwa ba a taɓa yi masa ba. Fiye da shekara ashirin yana zama a bakin ƙofa, sai ranar da ya zo a kafaɗun mutane aka kai shi gaba.

Da aka fito, Baffa, ƙanen Baba, wanda shi ke jan salla a masallacin unguwarmu, ya tari babban dattijon ikkilisiya. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Malam, mu mun ɗauka ya bar mu ya koma wurinku. Ku kuma kun aje shi bakin ƙohwa. To ku gaya mini, wana na wa ne?" Wannan tambayar ce ta hana ni sukuni har na ɗauki alƙalami, don kada gobe a tuna da ginshiƙi a manta da bakin ƙofa.

Garinmu ƙaramin ƙauye ne a kan hanyar Maijirgi zuwa Tasawa. Ina tatata lokacin da ciwon ido ya kama Baba, aka kai shi wani asibitin mishan, ya yi wata biyu can. Ya dawo da idanunsa, ya kuma dawo da sabuwar bangaskiya. Dangi suka yi faɗa, suka yi lallashi, suka daina cin tuwo da shi na wani lokaci, daga baya suka gaji suka ƙyale shi, don Baba ba mutumin da ake iya dogon fushi da shi ba ne. Shi ya yanki gefen gonarsa ya bayar aka gina majami'a. Shi ya kwaɓa ƙasar, shi ya saro itacen rufi, shi ya samo wani tsohon ƙarfen ƙafar mota ya rataye a bishiya don kiran sujada.

Abu ɗaya ne ya tsaya masa. Tun kafin ya ba da gaskiya yana da mata biyu: Inna, uwargida, da Iya, wadda ta haife ni. Ni ce 'yar farin Iya, don haka ko sunana ba ta faɗa, Inna ce ta goya ni, a ɗakinta na girma. Dokar ikkilisiya kuwa ita ce, mai mata biyu ba a yi masa baftisma sai ya rage da ɗaya. Uwargida ba ta da laifi, ana iya yi mata. Amarya da mijin, sai su jira.

Inna ce ta ba ni labarin ranar da dattawa suka zo daga Tasawa tare da mai bishara, wato mai wa'azin da aka turo ya zauna a garinmu. Suka zauna a zaure, suka yi addu'a, suka yi ta kewaye-kewaye, kafin suka fito da maganar. Wai ba cewa aka yi ya wulaƙanta Iya ba. Ya mayar da ita gidansu, ya ci gaba da aika mata hatsi, shi ke nan.

Baba ya ce, "Mi ta yi?"

Suka ce ba ta yi komai ba.

Ya ce, "To ni ban iya sakin wanda bai yi komi ba. Na amso ta hannun ubanta gaban mutane, na ce na riƙe. In na saba wanga alkawali don in shiga ruwa, mi zan hito da shi daga ruwan?"

Inna tana bayan zana tana sauraro. Ta leƙo da muciya a hannu, ta ce, "Sannunku da zuwa. In kun kore ta, wanne daga cikinku za ya zo ya riƙa taya ni daka?" Duk lokacin da Inna ta kawo nan sai ta yi dariya har ta riƙe ciki, ta ce ɗaya daga cikin dattawan ya manta hularsa don sauri.

Haka aka yi wa Inna baftisma ita kaɗai. Baba da Iya suka zama masu jira. Ba wanda ya hana Baba zama a benci, amma tun da a ranar jibi akan ce waɗanda ba su da baftisma su fita kafin a buɗe tebur, sai ya ga gara ya zauna inda fita ba za ta yi masa nisa ba. Ya samo buzun akuya ya shimfiɗa a bakin ƙofa, rabi ciki rabi waje. Nan ya zama wurinsa. Daga nan yake kore awaki, yake jera takalman mutane, yake yi wa masu latti harara, yake rera waƙa da muryar nan tasa da ba ta taɓa bin ta kowa ba. Kullum yana gaba da mu da rabin layi, ko yana baya, ko a jikinsa.

Abin da ya fi ci mini rai tun ina yarinya shi ne zoɓo. Jan abin shan da ake sha a jibi, a garinmu zoɓo ne. Baba ne yake shuka yakuwar a iyakar gonarsa, kuma ba ya yarda a taɓa layin nan don miya. Iya ce take dafawa ta tace ranar asabar, ta kai majami'a a sabuwar ƙwarya. Wato mutum biyun da aka hana sha, su ne masu nomawa da dafawa. In Iya ta rage kaɗan a tukunya ta miƙa masa, sai ya ce a ba yara. Na taɓa ce masa, "Baba, ba ka jin haushi?" Ya dube ni, ya ce, "Uwata," don sunan mahaifiyarsa gare ni, "ai gida ne. Ko a gida ba kowa ka cin tuwo lokaci guda ba." Wannan "ai gida ne" ita ce amsarsa ga komai. Rufi ya yi yoyo, ai gida ne, ya hau ya gyara. Wani ya yi masa maganar banza, ai gida ne. Na ji kalmar har ta gundure ni.

Wata lahadi Inna ta yi abin da ba a yi. Da aka miƙa mata gurasar jibi, sai ta gutsura rabi ta ƙulle a bakin zanenta. Muna komawa gida ta kwance ta miƙa masa, ta ce, "Amshi, Malam. Ni na ba ka, in da laihi a kaina." Baba ya daɗe yana duban ɗan gutsuren nan a tafin hannunta. Sai ya naɗe mata yatsunta a kai, ya ce, "Abincin gidanmu ne. Ba ni cin shi a ɓoye kamar ɓarawo. Ranar da za ni ci, gaban kowa za ni ci." Inna ta ce taurin kansa ya fi na jakinsa, ta jefa gurasar a baki tana hawaye. Tun daga ranar na san cewa duk wannan "ai gida ne" da yake yi, yana so. Yana so ƙwarai.

Sai farin farko ya zo, wanda a cikinsa sojoji suka karɓi mulki. Hatsi ya bushe a tsaye. Mutane suka koma cin anza, 'ya'yan itacen daji masu ɗaci, da tonon gidan tururuwa, maza suka yi kudu neman abinci, wasu ba su dawo ba har yau. Mai bishara ma ya kwashi iyalinsa ya tafi, ban ga laifinsa ba, yaransa sun fara kumbura. Majami'a ta rage daga tsofaffi sai mata. Baba ya fasa rumbunsa na tsimi, ya riƙa auna wa duk wanda ya zo, ba ya tambayar mai salla ne ko mai sujada.

Lahadin farko bayan tafiyar mai bishara, Baba ya buga ƙarfe kamar kullum. Muka taru muka zauna, kowa yana duban gaba inda ba kowa. Baba bai iya karatu ba, amma abin da ya ji a bakin ƙofa shekara da shekaru ya zauna masa a ka. Tsohuwar nan ta zumuntar mata ta ce, "Malam, taso ka ja mu." Ya ce shi ba shi da izinin tsayawa gaba. Ta ce, "To zamna nan inda kake." Ta miƙe, ta kama bencinta ta juya shi ya fuskanci ƙofa. Sauran ma suka juya nasu. Damina biyu haka muka yi sujada, mun ba tebur baya, muna fuskantar wani mutum a kan buzun akuya, haske yana shigowa ta bayansa. Shi ya yi addu'a a kan waɗanda yunwa ta ɗauke, shi ya binne su.

A cikin wannan lokacin ne wasu sojoji biyu suka zo a mota, don a zamanin ba a son taro sai da sanin hukuma. Suka tambayi wane ne shugaban wannan wuri. Duk yatsu suka nuna Baba. Aka tafi da shi bariki, ya wuni yana amsa tambayoyi, da la'asar aka sallame shi ya dawo a ƙasa. Ya shigo gida yana dariya, ya ce, "Kun ji, yau soje ya rubuta ni shugaba." Mu ma muka yi dariya. Yanzu in na tuna ba ta ba ni dariya. Da ruwa ya dawo, mai bishara ya dawo, aka yi wa Baba godiya mai yawa a gaban jama'a. Sannan aka juya bencuna yadda suke da, ranar jibi kuma aka ce waɗanda ba su da baftisma su fita. Ya tashi ya ja buzunsa waje.

Ba zan ɓoye nawa laifin ba. Ikkilisiyar nan ita ta sa ni lakkwal, wato makarantar boko, matanta suka haɗa mini kayan tafiya, har na zama malamar makaranta a Mayahi. A wurinsu na koyi cewa mutum yana iya samun uwaye goma ba tare da jini ba, kuma har gobe in na yi rashin lafiya su ne za su fara zuwa. An yi mini baftisma ina budurwa. Duk hutun da na zo gida, nakan zauna a ciki in karɓi zoɓon da uwata ta dafa, ubana yana waje yana tsaron takalmana. Na sha, ban taɓa ƙi ba. Nakan dai sunkuyar da kai don kada mu haɗa ido ta ƙofa.

Fari na biyu shi ya ɗauke Inna. Ba yunwa kai tsaye ba, amma jikin da ya sha anza ba ya jure zazzaɓi. Ko kwana bakwai ba a yi ba, muna zaman makoki, babban dattijo ya zo ya zauna kusa da Baba. Na tabbata da kyakkyawar niyya ya zo. Ya ce, "Ɗan'uwa, Allah ya yi ikonsa. Amma ka ga yanzu hanya ta buɗe. Mata ɗaya gare ka."

A rayuwata ban taɓa ganin Baba haka ba. Ya miƙe tsaye. Ya ce, "Ashe mutuwatta kuka jira? Shekara nawa kuna gaishe ta kuna ce mata 'yar'uwa, ashe ita ce ƙyauren? Ni ban taka kabarinta in shiga. Tashi ka ba ni wuri." Dattijo ya tashi. Na ɗauka ranar Baba ya gama da majami'a, kuma gaskiya na so hakan. Amma lahadi na zagayowa sai na ji ƙarfe. Ya buga, ya shimfiɗa buzu, ya zauna. Bai yi waƙa ba dai, har tsawon wata uku. Majami'a ta yi tsit kamar ba ita ba, duk da kowa yana rerawa daidai.

Shekara guda yana kan bakansa. Iya ce ta karya shi, ita da ba ta cika magana ba. Wata safiya tana tankaɗe, ba ta ko ɗago kai ba, ta ce, "Malam, kai kana hushi don Yaya. Ni hwa? Ni ma tsuhwa nika yi. Kuma ita da bakinta ta ce mini, in ta riga mu, mu shiga mu biyu, kada mu tsaya yi mata kara." Da yamma Baba ya tafi gidan dattijo da kansa, ya ce a rubuta sunansu.

Daga nan ne abin ya zama abin da har yanzu in na tuna sai in ji kamar in fasa ihu. A wurinmu baftisma nutsarwa ce, mutum ya shiga ruwa gaba ɗaya. Ana yin ta sau ɗaya a shekara, a tafkin bayan gari, bayan damina, in fasto ya zo, don mai bishara ba shi da ikon yi. Shekarar nan tafki bai cika ba, ko gwiwar ɗan akuya bai kai ba, kafin kaka ya zama taɓo. Aka ce sai baɗi. Baɗi ta zo, an ɗan sami ruwa, amma fasto bai samu zuwa ba. Garuruwa da yawa gare shi, babur ɗaya, ga wahalar esansi, wato man fetur, ga takardar izinin taro da ake bi ofis ofis. Kafin ya shirya, tafki ya ƙafe. Baba ya ce, "Ai gida ne, ba gudu za ya yi ba." Amma a cikin ranin nan tari ya kama shi, ƙafafunsa suka kumbura. Ranar da na zo daga Mayahi na ga Iya ce ta buga ƙarfe, na san lokaci ya ƙure.

Na tafi wurin dattijo da mai bishara. Na ce su ɗebo ruwa a buta su zuba masa a ka, a gama. Suka ce ba tsarinmu ba ne. Na ce to mai bishara ya yi. Suka ce ba shi da izini. Na ce, "Lokacin da kowa ya gudu, wa ya ba shi izinin binne muku matattu?" Dattijo ya ce in yi haƙuri, ni ɗiya ce, ba ni gane wasu abubuwa. Na faɗi maganganun da ba a faɗa wa babba, ban kuma janye su ba har yau. A ƙarshe mai bishara, wanda idonsa ya cika da ƙwalla, ya ce akwai dabara. A haƙa rami a bayan majami'a, a shafe da siminti, a cika da ruwan rijiya. Shi zai aika wa fasto cewa abin na gaggawa ne.

Wanda bai zauna garinmu da bazara a shekarun nan ba, ba zai san abin da ake nufi da cika rami da ruwa ba. Rijiya ɗaya ce, mai zurfi, mata suna kafa layi tun asuba su sami tulu biyu. Duk da haka 'yan zumuntar mata suka ce kowace za ta riƙa ba da rabin tulu kullum. Aka aro gangunan ƙarfe uku aka jera a jikin majami'a, ana zubawa ana rufewa. Tsohuwar nan da ta juya benci, da ƙyar take tafiya, ita ma takan zo da 'yar ƙwaryarta. In ina jin haushin ikkilisiya, sai in tuna da wannan ƙwaryar, haushin ya rasa inda zai zauna.

Kwana huɗu ana tarawa ganga ɗaya ce ta cika. Baffa ya zo duba wansa, ya ga gangunan, ya tambaya. Na gaya masa, ina jiran ya yi tsaki. Ya ce, "Wanga wankan shi ne abin da shika so?" Na ce shi ne. Ya ce, "Ni ban san shi ba, ban kuma yarda da shi ba. Amma wana ne." Washegari ya ɗaura wa jakinsa amalanke, ya ɗauki ganguna biyun da suka rage, ya tafi wata rijiya can wajen Kona. Sai bayan azahar ya dawo, rawaninsa ya yi fari fat da ƙura, ya sauke su da kansa a jikin majami'ar da kafin ranar bai taɓa taka harabarta ba.

Saƙo ya zo cewa fasto zai iso ranar asabar. Na gaya wa Baba. Ya sa aka wanke masa farar rigarsa, ya sa Iya ta fito da zoɓon bana. Ya ce mini, "Uwata, in an nutsa ni, ki ce ma hwasto kada ya yi saurin hiddo ni. Na daɗe ina jira, bari in jiƙa sosai." Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ran laraba ke nan.

Ran alhamis da hantsi ya cika, kansa a cinyar Iya.

Aka aika Maraɗi. Faston da aka yi rani biyu ana jira, wani mai kamyo, babbar motar kaya, ya rage masa hanya, kafin la'asar yana garinmu. Ban ce ya yi ganganci ba, mutumin kirki ne, ya yi kuka da ya ga ramin. Amma na kasa daina lissafin cewa hanyar da ta gagara don mai rai ta yiwu cikin rabin wuni don gawa.

Da aka zo wanka, gidanmu ba ruwa sai ɗan na sha. Aka tsaya ana duban juna. Baffa ya ce, "Mi kuka jira? Ruwan da anka tara mishi, ai nashi ne." Ya je da kansa ya buɗe ganga. Shi da dattijo suka yi wa Baba wanka, ɗaya yana zubawa ɗaya yana cuɗawa, kowa yana addu'arsa a ransa. Da ruwan aka kwaɓa ƙasar rufe kabari. Da shi aka dama furar baƙi kwana uku, da shi dangin Baba suka yi alwala a gindin gawo. Ramin siminti kuwa ko ɗigo bai gani ba.

Fasto ya zauna har lahadi. Ran asabar, ranar da aka sa, ya shigo cikin gida ya durƙusa gaban Iya. Ya ce, "Iya, ke yanzu ba abin da ya hana ki. Tun da ina nan, bari a yi miki, kada ke ma a makara."

Iya tana tace zoɓo, don an ce gobe akwai jibi. Ta ɗago ta dube shi, ba fushi a fuskarta. Ta ce, "Ruwan ya ƙare, ɗana. Mun yi mishi wanka da shi."

Ran lahadi ita ta buga ƙarfe. Ta kai ƙwaryar zoɓo ta ajiye a tebur, ta dawo ta shimfiɗa buzun Baba a bakin ƙofa ta zauna. Da aka zo wurin cewa waɗanda ba su da baftisma su fita, mai bishara ya buɗe baki, muryarsa ta ƙi fita. Ba wanda ya faɗa, amma Iya ta ja buzun waje, don ta san lokacin. Na tashi daga bencina na bi ta. Ta matsa mini, muka zauna a kan fatar akuya ɗaya, muna jin ƙarar kofuna daga ciki. An ce za a sake tara ruwa bayan arba'in, kuma na san za ta shiga, don ta yi wa Inna alkawari. Ni ma zan koma bencina, ba ni da wani gidan da ya wuce wannan. Amma ranar dai ban sha ba.

Allah ya sanyaya zuciyar duk wanda ya yi kukan Baba, na gindin gawo da na inuwar katanga. Ya yafe wa waɗanda suka sa shi jira, ni ma ya yafe mini abin da na sha ina sunkuyar da kai. Kai kuma Baba, na san halinka. In ka isa ka tarar da ƙofa, don Allah kada ka tsaya jera takalman mutane, kada ka nemi inda za ka shimfiɗa buzu. Ka jira iya jira. Wuce ciki ka zauna gaba, Inna ta riƙe maka wuri.